Littattafan Zane Na Ban Dariya Da Bukukuwanmu Na Shekara



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne 'yan ƙananan littattafan nan na zane masu ban dariya, waɗanda ake yi wa samari da 'yan mata, musamman irin waɗanda akan fitar domin bukukuwan shekara, da kuma al'adar tara su da adana su. Na san akwai wanda zai ce a ransa, ana ta kai wa yake ta kaya? To, ina roƙo a yi mini haƙuri na ɗan lokaci, domin kuwa ina ganin a cikin wannan abu da ya yi kama da wasan yara akwai wata asara da muke yi ba mu lura ba.

Bari in fara da inda abin ya samo asali. A watan Disamba na 1941 wata mujallar zane ta Amurka mai suna Pep Comics ta fito da wani yaro mai jan gashi, ana ce da shi Archie Andrews, ɗan makarantar sakandare a wani gari na ƙage, Riverdale. Mai zanen farko shi ne Bob Montana. Archie ba jarumi ba ne, ba ya tashi sama, ba ya kama ɓarayi. Abin da ke damunsa bai wuce rashin kuɗin aljihu ba, da shugaban makaranta, da kuma 'yan mata biyu da ya kasa zaɓen ɗaya a cikinsu, watau Betty 'yar masu rufin asiri da Veronica 'yar attajiri. Yana da aboki, Jughead, wanda ba abin da ya sa a gaba sai cikinsa. A 1954 kamfanin ya fara fitar da babban kundi na musamman domin Kirsimati, sa'an nan a 1973 ya fara buga labaran a ɗan ƙaramin littafi mai kauri wanda zai shiga aljihun riga, ana jera shi a bakin teburin biyan kuɗi na manyan kantuna, inda yaro zai gan shi ya ja hannun uwarsa. Yawancin abin da ke cikin waɗannan ƙananan littattafai tsofaffin labarai ne aka sake bugawa. A Birtaniya ma akwai irin wannan al'ada: mujallun Dandy da Beano, waɗanda aka fara a 1937 da 1938 a garin Dundee, kowace shekara sukan fitar da kundi mai kwali wanda iyaye ke saya wa 'ya'yansu kyautar Kirsimati.

Me ya sa labarin da aka rubuta tun kafin a haifi iyayenmu yake sayuwa har yau? Amsar a ganina mai sauƙi ce. Mutanen cikin labarin ba sa tsufa. Fiye da shekara 80 ke nan Archie bai gama sakandare ba. Mai karatu ya riga ya san halin kowa, ya san wane ne mai rowa, wane ne mai kwaɗayi, wace ce mai iyayi. Shi kuma biki duk shekara matsala ɗaya yake kawowa: ba kuɗin sayen kyauta, baƙi sun cika gida, an ɓata tufafin da za a yi ado da su. Saboda haka daɗin karatun ba ya cikin mamakin abin da zai faru, yana cikin jiran yadda wanda ka sani zai sake faɗawa ramin da ya faɗa bara. Ku riƙe wannan magana, zan komo kanta.

Mu a Nijeriya ba baƙin irin waɗannan abubuwa ba ne. Iyayenmu da suka yi makaranta a ƙarshen shekarun 1960 suna tuna African Film, mujallar hotuna ta kamfanin Drum, da gwarzonta Lance Spearman. A 1976 Wale Adenuga ya fara Ikebe Super a Legas, inda Papa Ajasco da Boy Alinco suka fito, kafin daga baya su koma talabijin. A nan Arewa kuwa, a shekarun 1980, an yi littattafan Sauna na Ɗan Fulani, wanda sunan alƙalami ne na wani Bature, John Hare, da ya yi aikin mulki a ƙasar nan. Tambayata ita ce, a cikin wannan ɗaki wa yake da ko da kwafi ɗaya a gidansu?

Ni kaina ina da 'yan littattafan Archie da ba su kai 30 ba, yawancinsu na tsince su ne a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a ƙasa, a Zariya da Kaduna, wasu ba bango, wasu da sunan yaran da ban sani ba a shafin farko. Ina jin daɗinsu ƙwarai, ba na ɓoyewa. In na je hutu Ƙafur ƙannena sukan kewaye su, wanda bai iya Turanci ba ya bi hoto ya ƙaga nasa labarin, kuma sau da yawa nasa ya fi na ainihi ban dariya. Amma abin lura shi ne, littafin da aka buga a Amurka shekara 40 da suka wuce ya fi sauƙin samu a kasuwanninmu bisa wanda aka buga a Zariya a wannan lokacin. Su can, mai tarawa yakan duba lambar fitowa da shekara da lafiyar takarda, ya sa kowane kwafi a leda, ya kau da shi daga rana da laima. Mujallar da aka sayar santi 10 a farkon shekarun 1940, in ta tsira da kyanta, an sha sayar da irinta fiye da dala 100,000. Mu kuwa namu sun ƙare a hannun mai ƙosai da mai tsire, abin da ya rage gara ta gama da shi. Ba wai ba mu iya adana takarda ba ne. Malamanmu na zaure sun ajiye littattafan hannu a gafaka shekaru aru-aru. Abin da muka yanke wa hukuncin cewa ba shi da daraja shi muke bari ya lalace, abin dariya kuwa kullum shi ne farkon shiga wannan sahu. Haka aka yi wa littattafan soyayya na Kano a shekarun 1980 da 1990, ana karantawa ana yarwa, har ya zama ɗaya daga cikin manyan tarinsu yana makarantar SOAS ta Jami'ar Landan, inda Graham Furniss da abokan aikinsa suka tattara su.

To, yanzu in komo kan maganar da na ce ku riƙe. Mutanen da ba sa tsufa, halin da kowa ya sani, lokacin shekara da ke dawowa da matsalarsa: ashe wannan ba shi ne tashe ba? Daga goma ga watan azumi, bayan an sha ruwa, yara sukan fita gida-gida. Ga wanda ya liƙa gemun auduga, ya tusa tsumma a doro, ya dogara sanda ya zama tsoho. Mu da muka tashi a ƙasar auduga, tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ba mu taɓa rasa kayan gemu ba. Ga Jatau mai magani da tarkacen saiwoyinsa, yana da maganin kowace cuta. Ga malamin da ake tuhuma da yin rawa, ya yi ta musu, ya ƙare da yin rawar don ya nuna irin wadda bai yi ba. Ga 'yan mata da Mairama da Daudu suna kwaikwayon zaman aure, suna faɗa wa manya gaskiya a fakaice. A birnin Kano ga Nalako da tashen gwauro. Kakanninmu sun ga Jatau, mu ma mun gan shi, bai ƙara ko shekara ɗaya ba. Kowa ya san abin da zai yi, amma kowa yana fitowa ƙofar gida ya gani. Tashe littafin zane ne cikakke, takarda kawai ya rasa.

Kuma ba azumi kaɗai ba. Ku dubi shekarar mutumin Ƙafur ko Gozaki ko Masari. Daren Sallah ƙarama samari sun yi zaman dirshan a shagon tela, shi kuwa yana rantsuwa cewa saura maɓalli, alhali ko yankawa bai yi ba. Babbar Sallah rago ya tsinke igiya ya shiga gonar maƙwabci, ko kuwa yaro ya shaƙu da ragon har ya ƙi cin nama, ya ɓuya a bayan rumbu yana ci. Ranar cika-ciki, da taubasai masu bin bashin wasa. Da kaka, an sayar da auduga da masara, aljihu ya yi nauyi, ga kalankuwa, ga dambe, ga saurayin da ya sayi sabon babur bai iya tsayar da shi ba. Ga kuma Kirsimati, domin kada mu manta a ƙasar Ƙafur da Malumfashi akwai Hausawa Kirista masu yawa, kuma Kirsimatinsu ba ta da dusar ƙanƙara, sai hazo da sanyin hunturu da shinkafa da ake aika wa maƙwabta. Haɗa da wasannin barkwanci da ke tsakanin Katsinawa da Nufawa, Kanawa da Zazzagawa, Fulani da Barebari. Wanda ya ce ba abin da za a cika littafi huɗu ko biyar da shi kowace shekara, bai zauna a ƙauye ba.

Dalilin da ya sa nake ganin abin na gaggawa ne shi ne, tashe wasan dare ne, dare kuwa ya ƙwace mana a wurare da yawa. A kudancin Jihar Katsina halin rashin tsaro ya sa akwai garuruwan da uba ba zai bar ɗansa ya zaga unguwa bayan isha'i ba. A Kano 'yan sanda sun dakatar da tashe fiye da sau ɗaya a shekarun nan saboda 'yan daba da ke fakewa da shi. Yaron da ya yi azumi biyar bai ga Jatau ba, ba zai iya koya wa ƙanensa ba. An yi ƙoƙari a baya, Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyi da wasanni a farkon shekarun 1970, masana kuma sun rubuta kundaye a kan tashe a jami'o'inmu. Amma waɗannan na ɗakin karatu ne. Yaro ɗan shekara 13 ba zai buɗe kundin digiri ba. Zai buɗe abin da ya ga hoto a bangonsa ya yi dariya, daga nan kuma karatun Hausa ya kama shi ba tare da an ɗaga masa bulala ba.

Akwai masu cewa wannan kwaikwayon Turawa ne, kuma labaran Archie na yawon samari da 'yan mata ba su dace da tarbiyyarmu ba. Rabin maganar gaskiya ce. Ba wanda ya ce a ɗauko Betty a ɗaura mata zane a kira ta Binta. Abin da za mu ara shi ne dabarar: ƙaramin littafi mai araha, mutane biyar ko shida da ba sa sakewa, fitowa a kan lokacin biki, da sake buga tsohon labari don kuɗin aiki ya ragu. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga ƙasashe daban-daban ya gina Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, yau ba Bahaushen da zai yarda a ce masa littafin ba nasa ba ne. Wasu kuma za su ce ai yanzu kowa waya yake kallo. Haka ne, kuma a sa zanen a waya ma, ba laifi. Sai dai 'yan wasan barkwancin da muka yi ta tura wa juna shekara biyar da suka wuce, ina suke? Waya ta faɗa ruwa, an sake wata, sun tafi. Abin da aka buga a takarda aka sa wa lamba da kwanan wata shi ake iya tarawa.

Ga abin da nake roƙon wannan ƙungiya. Duk wanda zai je gida hutu ya buɗe akwatin ƙarfen babansa ko na yayansa, da izini, ya duba ko akwai tsohuwar mujallar zane, ta Hausa ko ta Turanci, ko da shafin jarida ne mai zanen barkwanci. Kada a gyara ta da gam ko salatif, a kawo ta yadda take, mu rubuta sunanta da shekararta da garin da aka samo ta, mu ɗauki hotonta, mai ita ya koma da abinsa in yana so. Na biyu, wanda ya tarar da tashe a garinsu ya rubuta yadda ake yinsa a can, da kayan da ake sawa, domin na Malumfashi ba lalle ya zama daidai da na Daura ba. Na uku, ina roƙon editan mujallarmu ya ba mu shafi huɗu a fitowar da za ta zo kusa da azumi. Muna da masu zane a cikinmu, na ga aikinsu a bayan littattafan lacca da kan tebura, kuma na san wasu malamanmu da ke zaune a nan gaba sun riga sun fito a ciki ba su sani ba. Ma'aikatan gwamnati da suka zo mana baƙunci, ku kuma kuɗin takarda muke nema a wurinku, ba shi da yawa.

Wanda yake so ya ga irin littattafan da nake magana a kansu, na zo da guda goma, suna kan teburin bakin ƙofa. A duba, amma na ƙirga su.