Sharaɗin Q-Tip: Yadda A Tribe Called Quest Suka Haɗa Albam Ɗinsu na Ƙarshe

 

Albam ɗaya tak zan yi magana a kansa yau, na wata tsohuwar ƙungiyar mawaƙan gambarar zamani ta Amurka mai suna A Tribe Called Quest. Sunan albam ɗin We Got It from Here... Thank You 4 Your Service, ya kuma fito ranar 11 ga Nuwamba, 2016, shekara 18 bayan wanda suka yi kafinsa. Wanda ya san gambara ya san sana'a ce da ba ta yi wa mai furfura uzuri. Salo kan canza cikin shekara biyu ko uku, matasa su juya baya. Duk da haka waɗannan mutane, da kowannensu ya haura arba'in, suka dawo da aikin da ya hau mataki na ɗaya a jadawalin Billboard tun makonsa na farko. Abin da nake so mu duba shi ne yadda aka yi aikin a cikin situdiyo, domin a ganina can sirrin yake.

Su huɗu ne: Q-Tip, Phife Dawg, Ali Shaheed Muhammad da Jarobi White. Sun haɗu a 1985 a birnin Niyu Yok, cibiyarsu kuma unguwar Queens. Q-Tip da Phife abokai ne tun suna yara ƙanana. Tsakanin 1990 da 1998 sun fitar da albam biyar, biyu daga ciki, The Low End Theory na 1991 da Midnight Marauders na 1993, har gobe ana lissafa su cikin ginshiƙan wannan fanni. Abin da suka shahara da shi shi ne yanke: furodusa ya ɗauko tsohon faifai, ya yanko 'yan daƙiƙoƙi na ganga ko na bes, wato jitar nan mai kaurin murya, ya sa su riƙa maimaituwa, a ɗora baitoci a kai. Q-Tip ya fi karkata ga faifan jaz, har ma ya gayyato babban makaɗin bes Ron Carter ya yi kiɗa da hannunsa a albam ɗin 1991. Masu ganin yanke sata ce su sani akwai doka a kansa. Tun hukuncin da wata kotun Niyu Yok ta yanke a kan mawaƙi Biz Markie a 1991, sai an nemi izini an biya kafin a taɓa faifan wani.

A 1998 ƙungiyar ta watse, kuma ba a rabu ana dariya ba. Fim ɗin da Michael Rapaport ya yi a kansu a 2011 ya nuna yadda zumuncin Q-Tip da Phife ya yi tsami. A wannan shekara ta 1998 kuma gobara ta cinye situdiyon gidan Q-Tip da tarin faya-fayansa. Ga mutumin da jarinsa kaf tsofaffin faya-fayai ne, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Sai ya koma ya koyi kaɗa kayan kiɗa da hannu. Ku riƙe wannan, domin zai yi mana amfani nan gaba.

Daren 13 ga Nuwamba, 2015, su huɗun suka yi wasa tare a shirin talabijin na Jimmy Fallon, daren da aka kai hare-haren nan a birnin Faris. Jin daɗin wannan haɗuwa ne ya sa suka yanke shawarar komawa situdiyo, a asirce. To, a nan Q-Tip ya kafa sharaɗinsa: duk mai son muryarsa ta shiga wannan albam, ya zo da ƙafarsa situdiyon gidansa da ke jihar Niyu Jazi, wanda yake kira AbLab.

Ku auna nauyin wannan sharaɗi. A zamanin da muke ciki, furodusa yana wani gari zai tura kiɗa ta intanet, mawaƙi ya ɗora baitinsa a wani garin, a haɗa waƙar ba tare da mutanen biyu sun gaisa ba. Akwai sauƙi, akwai arha. Amma Phife a Kalifoniya yake zaune, can ɗaya gefen ƙasar, ga shi da ciwon suga, an yi masa dashen ƙoda a 2008 da ƙodar da matarsa ta ba shi, kuma a lokacin ya koma ana yi masa wankin ƙoda. A haka ya riƙa hawa jirgi yana zuwa. Manyan baƙi irin su Busta Rhymes, André 3000, Kendrick Lamar da Jack White su ma suka tako.

Me aka samu da wannan wahala? Ku saurari waƙar Dis Generation. Q-Tip zai fara layi, Phife ya karɓe daga bakinsa, Jarobi ya ƙarasa, Busta ya faɗo ciki, wani lokaci ana musayar murya a tsakiyar jimla guda. Mu da muka tashi da waƙoƙin Narambaɗa da Ɗanƙwairo ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun san ɗan amshi yana kallon bakin ubangidansa ne, yana jin numfashinsa, shi ya sa yake karɓa daidai inda ya kamata. Irin wannan karɓa ba ta yiwuwa ta saƙon waya. Haka waƙar Kids, inda Q-Tip da André 3000 suke miƙa wa juna zance kamar masu hira. Jarobi ma, wanda ya bar ƙungiyar tun bayan albam na farko ya tafi koyon girki, sai a wannan aiki duniya ta ji cewa ashe gwanin baiti ne.

Ranar 22 ga Maris, 2016, Phife ya mutu yana da shekara 45, aiki bai kammala ba. A nan ne nake ganin Q-Tip ya nuna ƙwarewar da ta wuce ta sarrafa na'ura. Shi da injiniyansa Blair Wells suka zauna watanni da muryar mamaci, suna saurare, suna tacewa, suna nema mata gurbi. Ku tuna abokinsa ne na yarinta, da ƙyar suka shirya. Da ya so, da ya cika albam ɗin da makoki, ya sayar da hawaye. Bai yi ba. Phife ɗin da muke ji a ciki rayayye ne, mai barkwanci, mai kirari, yana juya harshe zuwa karin maganar mutanen Tirinidad inda asalin iyayensa yake. Ta'aziyyar sai aka killace ta a wurare kaɗan. Waƙar Lost Somebody tana cikin tafiya sai ta yanke kwatsam, shiru ya biyo baya. A Black Spasmodic kuma Q-Tip ya ari bakin abokinsa, ya rera baiti kamar Phife ne ke yi masa magana. Sunan albam ɗin ma Phife ne ya zaɓa, sauran kuma suka bar shi yadda yake.

Ta fuskar kiɗa, waƙa 16 ne, kashi biyu, takwas-takwas, kusan awa ɗaya. Yanke yana nan, amma an faɗaɗa rumbun. Gangar da ke ɗauke da waƙar We the People daga faifan ƙungiyar Black Sabbath ta Ingila aka yanko ta. Lost Somebody ta tsaya ne a kan kiɗan ƙungiyar Can ta Jamus. A Solid Wall of Sound an yanko tsohuwar waƙar Elton John, Bennie and the Jets, sannan aka kawo Elton John da kansa ya ɗora murya da fiyano. Kusa da waɗannan yankakkun sautuka akwai bes da jita da fiyano da aka kaɗa da hannu, wasu Q-Tip ne da kansa ya kaɗa. Kun ga inda koyon da ya yi bayan gobara ya yi rana. Shi ya sa albam ɗin bai yi kama da wanda aka tono daga 1993 ba, bai kuma bi yayin 2016 ba. Manyan baƙin ma ba a bar su sun danne masu gida ba. Kanye West, duk da girman sunansa, amshi kawai ya yi a The Killing Season.

Akwai giɓi guda da nake ji. Ali Shaheed Muhammad bai samu zama sosai ba, domin yana can Los Anjalis shi da Adrian Younge suna haɗa kiɗan shirin Luke Cage. Albam ɗin da aka gina a kan zama wuri ɗaya ya rasa hannun ɗaya daga cikin huɗun, kuma wannan rashi ne na gaske.

Albam ɗin ya fito kwana uku bayan zaɓen da Donald Trump ya ci, sai mutane suka riƙa cewa kamar sun hango. We the People tana magana ne a kan waɗanda ake nuna wa ƙofa a Amurka, ciki har da baƙar fata, 'yan Mekziko, matalauta da Musulmi. Q-Tip da Ali kuwa Musulmi ne, don haka ba labari aka ba su ba. Ƙungiyar ta yi wasanta na ƙarshe a Ingila a watan Satumba na 2017, sannan a 2024 aka shigar da ita zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame.

Kirana ga matasanmu masu situdiyo da masu baiti da ke cikin wannan ɗaki: ku nemi albam ɗin ku saurare shi daga farko har ƙarshe, ku sa kunne a wuraren da murya take karɓar murya. Idan kuma za ku yi waƙar haɗin gwiwa ta gaba, ku biya kuɗin mota, ku zauna ɗaki ɗaya ku rubuta ta tare.