Gyara Kayanka: Lacca Kan Maido wa Fayiloli Tambarinsu na Tsaro



Muna godiya ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ba mu wannan dama, mu 'yan kwamitin da ke kula da kwamfutar ƙungiya, domin mu bayyana abin da muka koya a bana. Batun da za mu yi magana a kai ƙarami ne a ido, wato yadda ake maido wa fayiloli tambarinsu na tsaro idan ya gurɓace. Amma amanar jama'a tana rataye a wuyansa, shi ya sa muka ga ya cancanci a tara mutane a kansa.

Bari mu fara da laifinmu, kada a ce mun zo wa'azi ne kawai. A farkon zangon karatu, ɗaya daga cikinmu ya shirya jerin rabon ɗakunan kwana a cikin foldarsa ta kansa, sa'an nan ya ɗauke fayil ɗin ya kai shi inda shafin ƙungiya yake zaune. Da aka buɗe shafin, sai ya ƙi nuna kome in ban da lamba 403, wadda ma'anarta an hana shiga. Muka duba izinin fayil ɗin, muka tarar kowa yana da damar karantawa. Dare ya yi, ɗalibai suna ta bugo waya. Sai wani ya rubuta setenforce 0, nan take shafi ya buɗe, muka tafi muka kwanta muna murna. Bayan kwana uku aka ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu ta tashi, shafi ya sake rufewa. A nan ne muka zauna muka binciki abin da muka yi, muka gano ashe mai gadi muka sallama tsawon kwana uku, alhali kuwa a cikin kwamfutar nan akwai sunayen ɗalibai da lambobin wayarsu.

To, wane ne wannan mai gadi? Tun zamanin Unix, wadda aka ƙirƙira a Amurka a 1969, tsarin izini ya dogara ne a kan mai fayil: shi yake yanke wanda zai karanta da wanda zai rubuta. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ta gaji wannan tsari. Rauninsa shi ne, idan ɓarawo ya ƙwace wata manhaja, to ya gaji duk ikon da take da shi. Domin toshe wannan kafa ne Hukumar Tsaron Ƙasa ta Amurka ta fitar da SELinux ga jama'a a watan Disamba na 2000, aka shigar da shi cikin zuciyar Linux a 2003. Daga nan Fedora da Red Hat Enterprise Linux suka ɗauke shi, kuma tun daga Android 5.0 na 2014 yake aiki sosai a wayoyin Android. Ke nan da yawa daga cikinmu muna yawo da shi a aljihu ba mu sani ba.

Yadda yake aiki kuwa shi ne, kowane fayil da kowace manhaja mai gudana suna ɗauke da tambari. Tambarin yana da sassa huɗu: mai amfani, da matsayi, da nau'i, da mataki. Wanda ya fi shafarmu yau shi ne nau'i. Duk mai son ganinsa, sai ya rubuta ls -Z. Manhajar Apache, wadda ke miƙa shafuka ga masu karatu, tana gudana da nau'in httpd_t. Kundin ƙa'idoji ya yarda mata ta karanta fayilolin da ke da nau'in httpd_sys_content_t, bai yarda mata ta taɓa masu user_home_t ba, wato na foldar mutum ta kansa, balle /etc/shadow mai nau'in shadow_t, inda ake ɓoye kalmomin sirri. Abin da kundin bai halatta ba, haramtacce ne, ko da izinin fayil ya ce kowa ya shigo. Amfanin wannan ya fito fili a 2014, lokacin da aka gano ɓarakar da ake kira Shellshock a manhajar bash. SELinux bai toshe ɓarakar ba, amma wanda ya kutsa ta hanyar Apache ya tarar da kansa a ɗaure cikin ɗan abin da aka yarda wa httpd_t.

Yanzu mu koma ga namu fayil ɗin. Me ya same shi? Tambari ba a sunan fayil yake ba, a jikinsa yake manne. Idan aka kwafi fayil da cp zuwa sabon wuri, sabon fayil ake haifa, sai ya ɗauki tambarin da ya dace da foldar da ya faɗa. Idan kuwa aka ɗauke shi da mv a cikin faifai ɗaya, fayil ɗin nan ne dai ya sake mazauni, yana tafe da tsohon tambarinsa. Abokinmu mv ya yi amfani da shi. Saboda haka jerin ɗakunan ya isa /var/www/html yana ɗauke da user_home_t, mai gadi ya duba ya ga baƙo, ya hana Apache taɓa shi. Mai gadi bai yi kuskure ba ko kaɗan. Har ma ya rubuta dalilinsa a /var/log/audit/audit.log, mu ne dai ba mu karanta ba.

Maganin bai fi layi ɗaya ba. Akwai rajista a cikin kwamfutar, sunanta file_contexts, wadda ta jera kowane wuri da tambarin da ya kamata abin da ke cikinsa ya ɗauka. Aikin umarnin restorecon shi ne ya duba rajistar nan, ya duba fayil, in sun saɓa ya gyara fayil ɗin. Kamar dai ma'aikacin laburare ne da ya tsinci littafi da lambar da ba tasa ba, ya duba kundi ya manna masa ta gaskiya. Da mun rubuta restorecon -Rv /var/www/html a daren nan, da an gama cikin ƙiftawar ido. Harafin R yana nufin a shiga duk foldojin da ke ciki, v kuma yana nufin a faɗa mana abin da aka canza. Mai taka-tsantsan yakan ƙara n tukuna, domin ya ga abin da za a canza ba tare da an taɓa kome ba.

A nan muke roƙon ku ƙara kasa kunne, domin nan ne masu ɗan sani suke tuntuɓe. Akwai wani umarni, chcon, wanda yake canza tambarin fayil kai tsaye ba tare da ya sanar da rajista ba. Yana aiki, shi ya sa ake son sa. Amma ranar da wani ya zo ya gudanar da restorecon a wurin, gyaran nan yakan tafi, tun da rajista ba ta san da shi ba. Sai a wayi gari shafi ya rufe, wanda ya yi gyaran kuwa ya gama karatu ya tafi hidimar ƙasa, ba wanda ya san abin da ya yi. Saboda haka idan kuka ajiye shafi a wurin da ba a saba ba, ku fara rubuta shi a rajista da semanage fcontext, ku faɗi wurin da nau'in da kuke so, sa'an nan ku bi da restorecon. Na farko yana rubuta doka ne kawai, ba ya taɓa fayil. Na biyu shi yake zartarwa. Wanda ya yi ɗaya ya bar ɗaya bai gama aiki ba.

Wani lokaci kuma ɓarnar takan game kwamfutar duka. Idan aka kashe SELinux ɗungurungum, duk fayil ɗin da aka ƙirƙira a lokacin ba shi da tambari. Haka nan idan aka sake kalmar sirrin shugaban kwamfuta ta hanyar gaggawa kafin a loda ƙa'idoji, /etc/shadow yakan rasa tambarinsa, sai ya zama ba mai iya shiga. A irin wannan hali, akan ƙirƙiri fayil wanda ba kome a cikinsa mai suna /.autorelabel, a sake kunna kwamfuta, ita kuma ta bi fayilolinta ɗaya bayan ɗaya ta gyara. Idan faifan babba ne abin yakan ɗauki lokaci, don haka kada a bari sai ranar da ake jiran sakamakon jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada a fahimce mu da cewa setenforce 0 ba shi da amfani. Abin da yake yi shi ne ya sa mai gadi ya daina hanawa, amma ya ci gaba da rubuta abin da ya gani. Hanya ce mai kyau ta gane ko matsala daga tambari take. Wanda ya gwada na minti biyu, ya gane, ya mayar da setenforce 1, ya gyara tambari, ya yi aikin masani. Mu da muka bar shi muka tafi barci, aikin ganganci muka yi.

'Yan'uwa, da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a wannan ɗaki, gobe su ne za su riƙe kwamfutocin bankuna da asibitoci da ma'aikatun gwamnati. Masu ajiya a can ba za su taɓa jin sunan restorecon ba, amma asirinsu yana hannun wanda ya san shi. Abin da muke roƙo guda uku ne: idan aka hana ku shiga, ku karanta dalili tukuna, idan tambari ne ya gurɓace, ku maido shi daga rajista, idan rajistar ce ba ta san wurin ba, ku rubuta mata domin na bayanku. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma abin da mai gadin nan yake faɗa mana ke nan duk lokacin da ya tare mu.

Mun manna waɗannan matakai a bangon ofishin ƙungiya, kuma ƙofar kwamiti a buɗe take ga mai son ya gwada da hannunsa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu riƙe amana.