Katafila Iri Biyu

Ko kana Kumasi, ko Tamale, ko Lome, ko Yawunde, ka ɗan ajiye abin da ke hannunka, ka ba ni kunnenka kaɗan. Yau zancen unguwa za mu yi, gama kowane ɗayanmu yana da inda ya ke sa haƙarƙarinsa da dare, yana kuwa so gobe ya iske wurin yana nan.

Zan ɗauki birni ɗaya in yi muku misali da shi, watau Ankara, babban birnin Gana, wanda a ke rubuta sunansa Accra. Da yawanku kun san shi. Wanda bai taɓa zuwa ba, yana da ɗan'uwa a can.

A shekarar 1877 Turawan Ingila suka ɗauke mazaunin mulkinsu daga Cape Coast suka kawo shi Ankara. A lokacin nan gari ne na mutanen Ga a bakin teku, yawancinsu masunta da 'yan ciniki. Da aka yi ƙidaya a 1960, mutanen birnin ba su kai rabin miliyan ba. Da aka yi ta 2021, aka iske Ankara da kewayenta sun haura mutum miliyan 5. Ka lura fa, aboki. Mutane sun ƙaru, amma ƙasa ba ta ƙaru ba ko taki ɗaya. Teku tana nan kudu, ba ta ja da baya ba. Inda mutum ya yi yawa, ƙasa sai ta yi tsada. Inda ƙasa ta yi tsada kuwa, sai a fara duban wanda za a tayar.

Yaya aka yi masu jin Hausa suka sami wuri a wannan birni? Waɗansu fatake ne da suka biyo hanyar Salaga wajen neman goro. Waɗansu sojoji ne da Turawa suka ɗauka zamanin yaƙin Asante na 1874. Waɗansu malamai ne, waɗansu masu shanu. Inda suka sauka aka ce masa zango. Kun dai san ma'anar zango: wurin da ayari ya ke sauka ya kwana, gobe ya ɗaura kaya ya wuce. Amma su ba su wuce ba. Suka yi aure, suka haifu, zango ya zama gida.

Sa'ad da tsohon zango na tsakiyar gari ya cika, Malam Bako ya nemi fili wurin sarakunan Ga, ya kafa Sabon Zango kafin yaƙin duniya na fari. A farkon shekarun 1930 kuma Malam Futa ya sami fili daga hannun wani gidan mutanen Ga can bayan gari, wurin ya zama Nima. Ga abin da ni ke so ka riƙe: ba wanda ya zo da ƙasa a cikin kayansa. Ba su aka yi. Su kuma da aka ba su, suka ba waɗansu.

Tsofaffinku za su gaya muku aikin maigida a zango na dā. Baƙo ya iso da shanu ko da goro, bai san kowa ba, bai iya bakin garin ba. Maigida ya ba shi ɗaki, ya aiko masa da tuwo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya nemo masa mai saye. Idan an ɗauki kayansa bashi, maigida ne ya ke tsaya masa har a biya. Shi kuwa maigida ya sami la'adarsa, ya sami suna. A bisa wannan aka gina zango, tun kafin a sa bulo ɗaya a kan ɗaya.

To, birni ya yi ta girma har ya iske su. Nima da ta ke bayan gari, yau tana tsakiya. Ka tsaya a cikinta, ga Kanda, ga unguwar masu arziki ta wajen filin jirgin sama, ga fadar shugaban ƙasa ba nisa. Filin da aka ba makiyayi dā, yau masu kuɗi suna kallonsa suna lissafi. A nan ne katafila ta fari ta ke shigowa, watau ta hukuma, mai ƙara da hayaƙi, wadda kowa ya ke gani.

Ku ji kaɗan daga cikin aikinta. A 1959 aka tashi waɗansu mutane daga wajen filin jirgin sama, Alhaji Seidu Kardo ya ja su suka kafa Madina, wadda yau ta zama gari guda da babbar kasuwarta. A zamanin Nkrumah aka tashi mutanen Fadama daga bakin rafin Odaw, aka kai su inda a ke kira Sabuwar Fadama. A cikin shekarun 1970 aka ratsa Nima da babbar hanyar mota, gidaje da yawa suka tafi. A watan Agusta 1979 sojoji suka rushe kasuwar Makola ta fari, suna zargin matan kasuwa da ɓoye kaya da tsawwala kuɗi, daga baya filin ya zama wurin ajiye motoci. A farkon watan Yuli 2021 aka tashi masu albasa daga Agbogbloshie, aka ce su koma Adjen Kotoku, wajen kilomita 30 daga tsakiyar birni, aka kuma share filin masu sayen tsofaffin ƙarafa da ke kusa. Ku mutanen Nijar, wannan ya taɓa ku, gama albasar Galmi da a ke lodawa a manyan motoci, can ta ke sauka.

Akwai kuma abin da ya faru a watan Nuwamba 1969. Ranan nan ba a rushe ko bango ɗaya ba, amma zango ya girgiza. Gwamnatin Busia ta ba da doka, ta ce kowane baƙon da ba shi da takardar zama ya fita ƙasar cikin kwana 14. Mutane suka sayar da gida da rumfa a kan kuɗin da bai kai ya kawo ba. Waɗansu a ƙasar aka haife su, amma ba su da takardar da za ta faɗi haka.

Kada ka ce ina zagin hukuma. A'a. Dole in faɗi gaskiya ta kowane gefe. Birni ba ya zama sai da hanya, sai da magudanar ruwa. A ran 3 ga watan Yuni 2015 aka yi ruwa mai yawa a Ankara. Kwatoci sun toshe da shara, rafin Odaw ya cika ya yi ambaliya. Mutane suka fake a wani gidan mai kusa da shataletalen Nkrumah, mai ya bi kan ruwa, wuta ta kama. Fiye da mutum 150 suka mutu a daren nan. Kafin watan ya ƙare aka rushe wani sashi na Tsohuwar Fadama, inda ɗakuna suka matse hanyar ruwa. Kai mai jin Hausa, ai ka san abin da a ke nufi da fadama. Sunan da kansa yana faɗa maka nan wurin ruwa ne. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa.

Duk da haka, wanda ya zana taswira a ofis ba ya ganin dukan abin da a ke kwashewa. Yana ganin rumfa, ya ce za a ba ka wata. Amma rumfa ba ita ce kasuwa ba. Ina matar da ta saba sayen rabin buhu wurinka kowace safiya, ta biya da yamma? Za ta biya kuɗin mota zuwa kilomita 30? Ina 'yan dako, ina 'yan matan nan na arewacin Gana masu ɗaukar kaya a ka? Ina mai shayi da ya ke ci a gefenka? Shekara 20 mutum yana gina amana da masu sayensa, a kwana ɗaya a watsa ta. Ana iya ɗaukar buhu a sa a mota. Sabo ba ya shiga mota.

Yanzu fa na zo kan abin da ya sa na ce ka ajiye aikinka ka ji. Akwai katafila ta biyu. Ba ta da ƙara, ba ta da hayaƙi, ba wanda ya ke buga labarinta a jarida. Tana cikin gidajenmu, mu ne kuwa mu ke tuƙa ta.

Bari in ba ka misali, ka kuwa san irinsa. Wani maigida yana da gida mai ɗaki 20. A ɗaki ɗaya na bakin titi akwai wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, ta yi shekara 30 a ciki. Ita ta goyi rabin 'ya'yan gidan. Maigida ya rasu. 'Ya'yansa suka duba, suka ga ɗakin nan idan an fasa masa ƙofa ta waje zai zama kanti. Suka ce mata, “Iya, ki kawo kuɗin shekara biyu a dunƙule, ko kuwa ki ba mu ɗakinmu.” Ina za ta samu? Ta ɗaure tukwanenta ta tafi can bayan gari, inda ba ta san kowa ba. Bayan shekara kaɗan wani mai kuɗi ya zo ya saye gidan duka domin ya gina bene. Aka raba kuɗin kashi 12, kowa ya ci nasa, ya ƙare. Yau 'ya'yan nan suna haya a gidan wani, shi kuma yana ce musu su kawo kuɗin shekara biyu.

Wa ya tada tsohuwan nan? Hukuma ce? Soja ne? A'a. Waɗanda ta goya ne. Ga shi kuwa dokar haya ta Gana, ta shekarar 1963, ta hana maigida karɓar kuɗin gaba fiye da na wata 6. Doka tana nan a takarda, amma wanda ya nemi ɗaki a Ankara ya san abin da a ke ce masa a bakin ƙofa.

Wannan katafila tana da waɗansu hannuwa kuma. Mutumin da ya ƙara ɗaki ya cinye lungu, har motar kashe gobara ba ta iya shiga, shi ma yana tuƙa ta. Wanda ya jira dare ya yi, ya juye shararsa cikin kwata, ya ce ruwa zai tafi da ita, yana tuƙa ta, gama ɗakin maƙwabcinsa na gangare ruwan zai kai ta. Wanda ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu yana tuƙa ta. Muna kuka da hukuma idan ta tashe mu, daidai ne mu yi kuka. Amma wa zai ji kukan wanda mu muka tasa?

Me za mu yi ke nan? Kai maigida, ban ce kada ka ci amfanin gidanka ba, haƙƙinka ne. Amma ka tuna filin nan ba kakanka aka yi yana baƙo. Idan za ka ƙara kuɗi, ka faɗa tun da wuri. Idan ɗan haya tsoho ne, ko gwauruwa mai 'ya'ya, ka sassauta. Ku magada, kafin ku sa hannu a takardar sayarwa, ku zauna ku tambayi juna inda kowannenku zai kwana bayan shekara biyar. Kai ɗan haya, ka biya a kan lokaci, ka karɓi rasit, ka riƙe ɗakin mutane da kyau, kada ka zama dalilin da za a ƙi na bayanka.

Ku 'yan kasuwa, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku nemi takardar filinku da ta rumfarku tun ba a zo da jan fenti an yi alama a bango ba. Ku yanka wa 'ya'yanku takardar haihuwa, ku tuna da 1969. Ku haɗa kai ku yi magana da baki ɗaya, domin idan tashi ya zama dole, a yi shawara da ku a kan inda za a kai ku, da hanya, da ruwa, da ranar tashi. Mutum ɗaya a ƙofar ofis, sai a ce masa ya komo gobe. Kasuwa guda ba a ce mata haka da sauƙi.

Aboki, birni ba zai daina girma ba. Za a yi sababbin hanyoyi, za a gina benaye inda ka san bukka. Ta fari ba kullum ka ke da ikon tsai da ita ba. Amma ta biyu, mabuɗinta yana aljihunka. Yau da dare, idan ka rufe rumfa ka koma gida, ka dubi ƙofofin da ke cikin tsakar gidanku ɗaya ɗaya. Ka tambayi kanka ko akwai wanda ya ke kwana da tsoro saboda kai. Idan akwai, kada ka bari sai gobe. Ka je ka yi masa sallama, ku zauna ku yi magana.

Nan zan tsaya. Allah shi tsare ku daga gobara da ambaliya, shi ba ku maƙwabta nagari, shi sa ku ma ku zama nagari ga waɗansu. Sai wani jiƙon. Ku huta lafiya.