Wa Ke Bin Sawun Kuɗin Makarantunmu?



Tun shekarar 2004 dokar ilimin bai-ɗaya ta keɓe aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilimin matakin farko, ta hannun hukumar UBEC. Jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Daga nan kuɗin su shiga hannun SUBEB, su wuce ga 'yan kwangila.

To, wa ke bin sawunsu? Sashe na 125 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha duba asusun gwamnati da miƙa rahoto ga Majalisar Dokoki. Sai dai wannan sashen bai ba shi ikon binciken littattafan hukumomi irin SUBEB da kansa ba. Iyakarsa ya bayar da jerin ƙwararrun da hukumar za ta zaɓa, ya yi sharhi kan rahotonsu, ya riƙa leƙawa jefi-jefi. Wanda za a bincika shi ke zaɓen mai bincikensa ke nan.

Mai bincike rasit yake gani, mu kuwa ajin muke shiga. In takarda ta ce an yi rufi, damina a kanmu take tona asiri, mu da yaran da ke zaune a ƙasa.

Saboda haka muke roƙon wannan reshe ya nemi jerin ayyukan da aka amince wa makarantunmu bana. Kowane wakili ya je ya gane wa idonsa, mu rubuta abin da muka tarar, mu kai wa kwamitin majalisa mai duba asusun gwamnati kafin ya zauna.