Gita Mai Tsada: Ina Kuɗin Suke Shiga?



Wata wasiƙa ce ta tayar da zancenmu na yau. Wani saurayi ne ya aiko ta daga Tawa, ya roƙi kada a faɗi sunansa, kuma ba za mu faɗa ba. Ɗan kabu-kabu ne, da moton nan yake ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa biyu. Asabar da Lahadi kuma yana kaɗa gita a gidajen biki, ko jita, kamar yadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke cewa. Ya ce wani mutum da ya dawo daga Libiya ya nuna masa gitar lantarki mai sunan Gibson, ya yi mata kuɗi jaka ɗari takwas, ya ba shi kwana goma ya yi shawara. Ba shi da inda zai samo kuɗin nan sai ya sayar da moton, ya haɗa da ɗan abin da ya tara a adashi. Ya ce tun ranar da ya riƙe ta bai yi barcin kirki ba. Tambayarsa ita ce: gita mai tsada ta ci kuɗinta kuwa?

To ƙanena, na ji ka. Ni dai ba gwanin kiɗa ba ne. Aikina gyaran rediyo da ampili, kuma na daɗe ina bin makaɗa gidajen biki ina haɗa musu waya. Amma ba na jin kunyar tsoma baki a maganar nan, domin mutumin da ya ƙera gitar da rabin makaɗan Agadas ke mafarkinta, wato Leo Fender, shi ma mai gyaran rediyo ne a Kalifoniya, kuma bai iya kaɗa gita ba. Shi ya fito da Telecaster a farkon shekarun 1950, sannan Stratocaster a 1954. Abin da ya sa a gaba shi ne kayan aikin da za a ƙera da yawa, a gyara da sauƙi. Shi ya sa wuyan gitarsa da notuna huɗu aka ɗaure shi. In ya lalace ka kwance ka sa wani. Gibson kuwa, da suka fito da Les Paul a 1952, manne wuyan suka yi da jikin gitar, irin aikin kafintocin da. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don a nan ne ƴan kasuwa suke ruɗa mutane. Gitar lantarki ba ta da ƙoƙo mai amsa amo kamar gurmi ko molo. In ka kaɗa ta babu ampili, da ƙyar na kusa da kai zai ji. Abin da ke ɗaukar sautin shi ne ɗan ƙarfen nan da ke ƙarƙashin tsirkiya, wanda makaɗanmu ke ce wa mikoro. Maganaɗisu ne aka naɗe shi da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, a na Stratocaster naɗin yakan kai wajen dubu takwas. Tsirkiyar ƙarfe tana rawa a kansa, sai ƴar wuta kaɗan ta taso a cikin wayar, ta bi igiya ta shiga ampili, ampili ya hura ta, lasifika ta fitar. Shi ke nan fa. Babu aljani a ciki. Saboda haka abin da ƴan biki suke ji, yatsunka ne, da tsirkiya, da mikoro, da ampili, da lasifika. Itacen jikin gitar yana da nasa ɗan rabo, makaɗan Turai har faɗa suke yi a kansa, amma ni a tsakar gidan biki, gurup yana ruri, mata suna guɗa, ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya ce wannan amon itace kaza ne ba. Kuma don ku sani, itacen da ake yin gitoci da yawa da shi, wanda suke kira mahogani na Afirka, dangin maɗacinmu ne.

Yanzu ga farashi. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Kamfanin Fender yana da ƙaramin suna, Squier, wanda ake ƙerawa a Indonesiya da Sin, yana farawa daga wajen dala 200, wato jaka ɗari da ƴan kai. Wadda suke ƙerawa a Meziko tana wajen dala 800. Ƙirar Amurka daga wajen 1,500 ta wuce 2,000, ka ga an taɓa miliyan guda na sefa ke nan, tun ba a zo maganar jirgi da duwan ba. Sama da wannan akwai sashen da suka buɗe a 1987, inda ƙwararru ke yin gita ɗai-ɗai da hannu, nan kuma daga dala 4,000 ne abin ya yi sama. Gibson ma haka, ƙaramin sunansu Epiphone.

Siffa ɗaya, tsirkiya shida, amma wata ta ninka wata sau ashirin. Ina kuɗin suke shiga?

Kaso babba ladan ma'aikaci ne. Yau na'ura mai kwamfuta ce ke yanka jikin gita da wuyanta, a Amurka da Indonesiya duka, kuma na'ura ba ta san ƙasar da take ba. Kamfanin Cort na Koriya ta Kudu, a masana'antarsa ta Indonesiya, yana ƙera wa manyan sunaye da dama gitocinsu masu sauƙin kuɗi. Bambancin shi ne awa nawa mutum ya zauna bayan na'ura ta gama, yana goge ƙarafan da ke jere a wuya, yana daidaita su, yana gyara ramukan da tsirkiya ke kwanciya a ciki, da kuma nawa ake biyansa a awa.

Kuma kada in yi muku ƙarya, wannan aikin hannun gaskiya ne, ana jin sa a yatsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Na sha buɗe gitar jaka hamsin in tarar da waya kamar zaren gizo, dalma an ɗiga ta kamar da ƙyashi, kunnuwan murɗa tsirkiya suna sakin jiki kafin a gama waƙa ɗaya. Makaɗi yana tsakiyar taka wa amarya, sai ka ga ya juya baya yana murɗe-murɗe. Gita mai kyau ba ta yi maka haka. Daga ta dala 200 zuwa ta 800, tazarar a fili take, ko yaro ya riƙe zai ji. Daga 800 zuwa 2,000 akwai ƙari, amma ya ragu ƙwarai, sai wanda ya kwana ya tashi da gita a hannu yake gane shi. Daga nan zuwa sama kuwa, a ganina, kyau kake saye da suna da labari. Abin dariya ma, a cikin masu tsadar nan akwai waɗanda ake ƙarje fentinsu da gangan, a sa ƙarfensu ya yi tsatsa, don su yi kama da tsofaffi, kuma a ƙara musu kuɗi saboda haka. Da sun aiko mana su Agadas, hunturu biyu ya isa, kyauta.

In kana so ka ga inda labari ke cin kuɗi, dubi baƙar Stratocaster ta David Gilmour na ƙungiyar Pink Floyd. A watan Yunin 2019 aka yi gwanjonta a New York kan dala 3,975,000. Gita ce ta kanti da ya saya a 1970, ya yi ta canza mata wuya da mikoro tsawon shekaru. Wanda ya biya kuɗin nan ba itace da waya ya saya ba, hannun da ya riƙe ta ya saya.

To mu dawo gida, don mu ba baƙi ba ne a maganar gita. Ibrahim Ag Alhabib na Tinariwen, gitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta. Ƙungiyarsa ta ci Grammy a 2012. Mdou Moctar namu, shi ma da wayar keke ya fara, ga shi bahago, abin da ke ƙara wa mai neman gita wahala a ƙasar nan. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, kuma ba kanti ne ya yaɗa shi ba, daga salula zuwa salula ya bi har ya tsallaka teku. Bombino ɗan Agadas, faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar Grammy. Gaskiya ne yau za ka ga Mdou a dandalin Amurka da Fender a wuyansa. Amma ka lura da wanda ya riga wani zuwa. Kiɗan ne ya jawo gitar. Salon nan na Abzinawa da duniya ke sha'awa, a kan gitocin kwance ya girma, da ƙananan ampili masu batir, da tsirkiyar da ta tsinke aka ƙulla.

Sannan akwai abin da masu tallar nan na intanet ba su sani ba, wato ƙasarmu. Gita itace ce, tana sha tana bushewa. In hunturu ya kama, wuyan yakan tsuke, sai ka ji bakin ƙarafan nan sun fito suna yankar hannu. Damina ta zo ya kumbura, tsirkiya ta yi sama ko ta kwanta tana zuza. Ƙura tana shiga maɓallan ƙara sauti, ka murɗa ka ji ƙarar-ƙarar kamar ana soya gyaɗa. Wannan bai san ta miliyan ba, bai san ta jaka ɗari ba. Ga Les Paul da nauyi, ta kai kilo huɗu ko fiye, ka rataya ta daga la'asar har dare. Ga kanta a karkace yake zuwa baya, kuma sananne ne a wurin masu gyara cewa in ta faɗi, a nan take karyewa. Ka tuna na ce wuyanta manne yake? To ba notuna huɗu ba ne balle ka kwance. Ka ɗora ta a bayan mota a hanyar Tawa zuwa Agadas, kowane rami sai gabanka ya faɗi.

Wani zai ce ai kadara ce, in ka matsu ka sayar. A Faransa ko Amurka, haka ne, Gibson ta gaske tana riƙe darajarta fiye da mai araha, don akwai kantuna da masu saye. A Tawa fa? Ranar da mahaifiyarka ta kwanta ciwo, Allah ya kiyaye, moto kafin azahar ka sami mai saye. Gitar jaka ɗari takwas, mutum nawa ne a garin za su taya? Wanda zai taya ma ya san a matse kake.

Kuma duk wannan in ta gaske ce. A watan Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka suka sanar da kama jabun Gibson sama da 3,000 a tashar jirgin ruwa ta Los Angeles. In an yi ƙarfin halin kai su ƙasar da ake ƙera ta gasken, me kake tsammani a kasuwar Sabha ko Tamanrasat? Ban ce mutumin nan macuci ne ba, wataƙila shi ma haka aka sayar masa. Amma gani ya kori ji. Ka koma wurinsa da turnabis a aljihu. A kan gitar, sama da inda tsirkiya ke kwanciya, akwai ɗan murfi mai siffar ƙararrawa. Na Les Paul ta gaske notuna biyu ne, jabu sau da yawa uku. Ka buɗe shi. A ta gaske za ka ga kan noti na tagulla ya fito, wanda ake kamawa ta waje, a jabu galibi rami ne da ake zura makulli ciki. Ka juya bayan kan, ka duba lambar da aka buga a cikin itacen. In ya hana ka buɗewa, to ka sami amsarka.

Ni shawarata, ƙanena, ko ta gaske ce kada ka sayar da moton. Na san abin da kake ji, wallahi na sani. Akwai daɗin da mutum ke ji in ya riƙe kayan aiki mai kyau, yakan sa ma ya ƙara ƙwazo, ba na raina wannan. Wanda kiɗa ya zama abincinsa, yana yawon ƙasashe, yana shiga ɗakin ɗaukar sauti, in ya sayi ta miliyan bai yi wauta ba, kayan sana'arsa ne kuma za ta mayar masa. Kai yanzu moton ne yake biya wa gitar tsirkiya.

Kuɗin adashin nan, ka fara da gitar da ke hannunka. Ka kai ta a daidaita ƙarfen da ke cikin wuyan, a goge ƙarafan, a sauke tsirkiya daidai yatsanka, a wanke maɓallan, a shimfiɗa takardar alminiyam a ramin wayoyin don ta rage ƙugin da gurup ke jawowa. In kunnuwan sun gaji a canza su, in da hali a sa mikoro mai kyau. Ka sayi igiya ta kirki, ka ajiye tsirkiya saiti uku ko huɗu, don sabuwar tsirkiya tana canza amo fiye da yadda kake zato. Abin da ya rage ka tara shi wajen ampili, domin gitar miliyan a ruɓaɓɓen ampili amon ruɓaɓɓen ampili za ta yi. In kuma wani ɗan'uwa zai aiko maka da ampili daga Amurka, don Allah ka duba bayansa kafin ka jona. Wutarsu 120 ce, tamu 220. Akwai guda biyu a shagona yanzu haka, masu su sun jona kai tsaye, ko waƙa ɗaya ba su yi ba.

Kwana goman da aka ba ka bai cika ba tukuna. Ka je ka duba murfin nan, ka rubuto mana notuna nawa ka gani.