Maganin da ke gane shaida



Kowa ya san kaluluwa. In ka ji ciwo a ƙafa, sai ta fito maka a matsematsi. In ciwon ya warke, ita ma ta kwanta. Amma akwai wadda ba ta kwantawa. Ba ta zafi, sai girma take yi a wuya ko a hammata. Mutum ya rame, ya riƙa jiƙewa da zufa cikin dare. Wani lokaci wannan sankara ce. Likitoci na kiranta limfoma.

Cutar tana kama fararen ƙwayoyin jini, masu tsaron jiki. Galibi tana kama irin da ake kira B. Sai su yi ta haihuwa ba tsayawa. Da can ana yaƙarta da magunguna masu ƙarfi ƙwarai. Suna aiki, amma ba su tantancewa. Kamar mai sa wuta ne don ya kashe ciyawa, hatsi ma ya ƙone. Shi ya sa gashin majinyaci ke zubewa.

To, jikinmu yana ƙera wani makami da ake kira antikor. Kowane antikor shaida guda ya sani, kamar yadda makiyayi ke gane saniyarsa cikin garke. Abin da ya gagari masana shi ne samun iri guda da yawa.

A 1975, a Kambirij ta ƙasar Ingila, Georges Köhler da César Milstein suka gano dabara. Suka ɗauki ƙwaya daga saifar ɓera, suka haɗa ta da ƙwayar sankara mai haihuwa ba iyaka. Abin da ya fito ya yi ta zuba antikor iri ɗaya. Ɓeran da muke kora daga rumbu fa! A 1984 aka ba su kyautar Nobel.

A 1981 likita Ronald Levy na jami'ar Stanford a Amurka ya ƙera wa wani majinyaci antikor nasa shi kaɗai. Cutar ta tafi, mutumin ya yi shekaru masu yawa. Sai dai kowane mara lafiya sai an yi masa nasa. Wata da watanni ake yi, ga tsada. Wa zai iya?

Sai aka koma ga wata shaida mai suna CD20. Ƙwayoyin B suna ɗauke da ita, masu cuta da masu lafiya. Maganin zai share su duka. Amma uwar ƙwayoyin, wadda ke cikin ɓargo, ba ta da shaidar. Bayan wasu watanni sai ta haifi sababbi. A ganina nan ne hikimar take. Aka kuma musanya yawancin sashen ɓera da na mutum, don kada jiki ya ƙi shi. A 1997 Amurka ta yarda da maganin. Sunansa rituximab. Ta jijiya ake sa shi, kamar ƙarin ruwa.

A 2002 likitocin Faransa suka bayyana gwajin da suka yi wa tsofaffi 399. Masu tsohon magani kaɗai, 63 cikin 100 cutar ta ɓace musu. Waɗanda aka ƙara wa rituximab, 76 cikin 100. Kun ji, ba kowa ba ne.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta samu. Kuɗinsa dai ya fi ƙarfin talaka. Kuma kafin a sa wa mutum, dole a auna jininsa. Maganin yana iya tada ciwon hanta iri na B da ya kwanta, ga shi kuwa wannan ciwo yana da yawa a ƙasashenmu.

Kaluluwar da ta yi wata guda ba ta kwanta ba, kada a tsaga ta, kada a yi mata sakiya. A tafi gidan likita a auna. Sau da yawa ma wata cuta ce dabam, kamar tarin fuka, mai magani kusa.

Kalmar da za ku rubuta a allo yau ita ce kaluluwa: ka, lu, lu, wa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.