Jawabi a Kan Cutar Shaye-shaye da Neman Ilimin Maganinta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Fiyayyen Halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Shehu Ahmadu Tijjani da Shehu Ibrahim Inyass da dukkan shehunnai. Gaisuwa ga malamai da muƙaddamai da iyayen ƙasa da ihwani maza da mata da suka halarto daga Ikara da Makarfi da Kudan.

Bayan haka, maganar da aka zaɓa bana mai nauyi ce, domin akwai gidajen ihwani da ake kwana da ita ana kuka a ɓoye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi shaye-shayen ƙwayoyi cikin shekara guda. Kimanin miliyan 3 daga cikinsu suna Arewa maso Yamma, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce.

A wannan yanki abin yakan shigo ta hanyar gona. Matashin da ke ƙwadago a gonar rake ko fadamar tumatir yakan haɗiyi taramol don ya yi aikin mutum biyu bai ji gajiya ba. Taramol ɗin da hukuma ta amince da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne ko 100, alhali wanda ake fasa-ƙwaurinsa yakan kai 225. Kwana a tashi jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa, ranar da bai samu ba kuwa sai ciwon gaɓoɓi da zufa da gudawa da rashin barci. Daga nan ya daina sha don ƙarfi, ya koma sha don gudun azaba. Idan ya wuce kima yakan faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, har a gida a zaci aljannu ne. Kodin kuma, wanda gwamnati ta hana yin maganin tari da shi a 2018, ta cikin ɗakunan mata ya bi.

Likitoci sun yi bincike a kan wannan hali. A 2000 wasu masana a Amurka sun kwatanta shi da ciwon suga da hawan jini da asma, suka nuna cuta ce mai daɗewa wadda ke lafawa ta dawo, kuma tsakanin 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan koma ruwa. Mai hawan jini idan jininsa ya sake hawa ba a korarsa daga gida, asibiti ake mayar da shi.

Wannan bai sauya hukunci ba, abin da ke gusar da hankali haramun ne. Sai dai ma'abota ilimi sun san haramcin giya daki-daki ya sauka, daga Suratul Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida. Sun kuma san labarin sahabin nan da aka yi ta kawowa ana yi masa haddi saboda sha, wani ya la'ance shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. Ɗariƙar da ta raba muridanta ko da taba, ita ce ta fi cancantar sanin yadda ake raba mutum da abin da ya kama shi.

Rashin wannan sani shi ya kai iyaye gidajen mari. A Satumba 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawansu da mari a ƙafa. Iyayensu gyara suka je nema. Amma mari ƙafa yake riƙewa, ba ya taɓa abin da ƙwaya ta yi wa ƙwaƙwalwa, kuma wanda ya saba da ƙwayoyin barci idan aka yanke masa farat ɗaya yana iya jijjiga har ya rasa ransa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare haƙƙin irin waɗannan marasa lafiya.

Masu ilimin maganin suna nan, amma da nisa. Akwai su a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Manomin da ke bayan Hunƙuyi kuwa, wanda zai fara gani shi ne ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibitin ƙauye. Don irin wannan ma'aikaci Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar horarwa a 2010, mai koya wa wanda ba ƙwararren likita ba yadda zai tambayi mara lafiya ba tare da kunyata shi ba, ya auna zurfin da ya yi, ya ba shi shawara, ya gane alamun haɗari, ya san lokacin turawa gaba. Allah Ya sa makarantar koyon aikin lafiya, wadda aka sani da Kwalejin Shehu Idris, a Makarfi aka kafa ta, ta kuma yaye ma'aikata masu yawa. Abin tambaya shi ne, 'ya'yan ihwani nawa aka tura wannan fanni da niyyar sauke farali na kifaya?

Haɗa hannun likita da mutanen gari ba sabon abu ba ne. Tun 1954 Farfesa Lambo ya zaunar da marasa lafiyar ƙwaƙwalwa tare da danginsu a ƙauyukan da ke kusa da Aro a Abeokuta, yana aiki da masu maganin gargajiya. A 2020 Farfesa Oye Gureje da abokansa sun wallafa gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa ziyartar masu maganin gargajiya da na addini, masu taɓin hankali suka fi samun sauƙi. A kan taɓin hankali aka yi gwajin, amma darasinsa ya shafi mashaya, kuma zawiyoyin Zazzau wuri ne da ɗaliban likitanci na Zariya za su iya yin irinsa idan aka buɗe musu ƙofa.

Rabon zawiya ya fi yawa bayan an sallamo mutum. Likita yakan riƙe shi makonni, sannan ya dawo unguwar da abokan shansa suke, da majalisar da ya saba. A nan muƙaddami yake da abin da asibiti ba ta da shi, wato jama'a da ke haɗuwa kullum a wazifa da zikirin Juma'a, waɗanda za su lura idan ya ɓace kwana biyu. A haɗa shi da dattijo guda mai rufin asiri, a sama masa sana'a, a tuna masa ranar komawa asibiti, kada a ce ya bar maganin likita don ya kama wuridi. Idan uwa ta kawo kukan ɗanta, a yi masa addu'a, kuma a raka ta asibitin Ikara ko Makarfi ko Hunƙuyi a nemi takardar turawa Shika ko Barnawa.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya rufa asirin iyayensu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Amin.